Darasi: Saƙar Kwarashi da Yadda Masu Saƙa ke Koyar da Juna

Manufofin darasi

Ana sa ran idan mai karatu ta kammala wannan darasi za ta iya:

1. bayyana abin da ya bambanta saƙar kwarashi da saƙar kibiya;
2. zaɓen zare da kwarashin da suka dace da mai fara koyo;
3. lissafa yawan idanu da yawan zaren da aiki zai ci tun kafin a soma shi;
4. gano sanadin kurakuran da aka fi yi ta hanyar ƙirga;
5. neman taimako da ba da shi a cikin zaman masu saƙa ta hanyar da za ta yi amfani.

An yi amfani da lafazin mace a darasin saboda mata ne suka fi yawa a azuzuwan wannan sana'a, amma duk abin da aka faɗa ya shafi namijin da ke son koyo.

Mece ce saƙar kwarashi?

Saƙar kwarashi aiki ne na hannu da ake yi da zare guda da wani ɗan siririn ƙarfe, ko roba, ko itace mai lanƙwasasshen baki, wanda da shi ake jawo zare ta cikin madauki a fitar da wani sabon madauki, a yi ta maimaita hakan har abin ya taru ya zama ƙyalle. Ta bambanta da saƙar kibiya, domin mai saƙa da kibiya tana riƙe da sanduna biyu masu ɗauke da madaukai masu yawa da ba a rufe ba, alhali mai kwarashi takan kammala kowane ido kafin ta wuce zuwa na gaba, don haka madauki ɗaya tak ke zama a buɗe a yawancin lokaci. Wannan ne ya sa kwarashi ya fi sauƙi ga mai farawa, tunda ko da ya kuɓuce daga hannu aikin ba ya zubewa, kuma idan an yi kuskure sai a zare kwarashin, a ja zaren a hankali, aikin ya warware har zuwa inda kuskuren yake.

Akwai wani bambancin da ya kamata kowace mai saƙa ta riƙe, musamman idan ta zo yanka kuɗin aikinta. Tun a shekarar 1589 wani Bature ɗan Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar kibiya, kuma yawancin rigunan sanyi da safa da ake sayarwa a kasuwa inji ne ya saƙa su. Saƙar kwarashi ta gaskiya kuwa har yanzu masana'antu ba su da injin da ke yin ta yadda hannu ke yi, saboda haka duk hular jariri ko shimfiɗar teburi ta kwarashi da aka gani, wani ɗan Adam ne ya zauna ya saƙa ta ido bayan ido.

> Akwatin kalmomi na 1
> *Kwarashi:* abin saƙa mai lanƙwasasshen baki da ake jawo zare da shi. Ana auna kaurinsa da milimita.
> *Madauki:* zagayen zare da ke rataye a kan kwarashi yayin aiki.
> *Ido:* ƙulli ɗaya da aka kammala a cikin saƙa. Shi ne abin da ake ƙirgawa.
> *Layi:* jerin idanu daga wannan gefe zuwa wancan.
> *Zagaye:* jerin idanu da ya kewayo ya haɗu da mafarinsa, kamar a saƙar hula.

Sana'ar da ta yaɗu daga hannu zuwa hannu

Saƙar kwarashi a yadda aka san ta yanzu ba ta kai saƙar masaƙa tsufa ba, domin a ƙasashen Turai ta bunƙasa a farkon ƙarni na 19, kuma daga cikin bayanan saƙar da aka fara bugawa akwai waɗanda suka fito a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé a shekarun 1820. Abin da ya fi ɗaukaka ta shi ne yunwar da ta afka wa ƙasar Ayalan daga shekarar 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi. Makarantun mata masu zaman zuhudu da wasu matan masu hali sun shiga koya wa iyalai saƙa da siririn zaren auduga, ana kai kayan Ingila da wasu ƙasashe ana sayarwa, kuma garin Clones ya yi suna a wannan aiki. Tsarin da suka bi abin lura ne ga duk wata ƙungiyar masu saƙa, domin ba mutum ɗaya ke yin kaya gaba ɗaya ba: wata ta ƙware a fure, wata a ganye, sannan a tattara guntayen a kai wa wadda ta iya haɗa su da saƙar raga. Ta haka yarinyar da ba ta daɗe da fara koyo ba take samun rabonta a aikin da ba za ta iya yi ita kaɗai ba.

A Afirka ta Yamma ma akwai misali makamancin wannan. A ƙarshen shekarun 1990 wata mata mai suna Isatou Ceesay, a ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, ta haɗa kai da wasu mata kaɗan suka riƙa tsince ledojin da aka zubar, su wanke, su yanka su siri-siri, su saƙa jakunkuna da kwarashi suna sayarwa, kuma aikin ya bazu ne saboda kowace ta iya takan koya wa wata. A garuruwan Hausa hanyar ba ta bambanta ba, domin mafi yawan masu saƙa hular sanyi, da takalmin jariri, da mayafin goyo sun koya ne daga uwa, ko yaya, ko maƙwabciya, ko a cibiyar koyar da sana'o'in mata.

Zaɓen kayan aiki

Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa na roba ne, wato akirilik, kuma yana da araha, yana wankuwa, yana riƙe launi, sai dai zafi na narkar da shi, don haka ba a ɗora masa dutsen guga mai zafi, ba a kuma saƙa abin sauke tukunya da shi. Wannan aikin na zaren auduga ne. Mai farawa ta nemi zare matsakaici mai santsi da launi mai haske, ta haɗa shi da kwarashi mai kaurin milimita 5 ko kusa da haka. Baƙin zare da zare mai gashi-gashi suna ɓoye idanu, kuma wadda ba ta ganin idanunta ba za ta iya ƙirga su ba, wanda shi ne dalilin da ya sa masu koyo da yawa kan yanke ƙauna tun a makon farko suna zaton hannunsu ne bai iya ba, alhali laifin na zaren ne.

Idanu uku na tushe

Ana fara kowane aiki da ɗaurin zarge a kan kwarashi. Daga nan sai sarƙa, wadda ake yi ta hanyar naɗa zare sau ɗaya a bakin kwarashi a jawo shi ta cikin madaukin da ke kai, a yi ta maimaitawa har a kai adadin da ake so. Madaukin da ke kan kwarashi ba ya shiga ƙirga.

Gajeren ido shi ne na biyu. Ana soka kwarashi cikin idon da ke ƙasa, a naɗa zare a jawo shi, sai madaukai su zama biyu a kan kwarashi, sannan a sake naɗa zare a jawo shi ta cikin biyun gaba ɗaya. Ƙyallen da yake bayarwa cikakke ne mai kauri, shi ya sa ya dace da jaka da tafin takalmin jariri. Dogon ido kuwa ana fara naɗa zare ne tun kafin a soka kwarashi, sannan a soka, a naɗa, a jawo, madaukai su zama uku. A naɗa a jawo ta cikin biyu, saura biyu. A sake naɗawa a jawo ta cikin biyun da suka rage. Dogon ido ya ninka gajeren ido tsayi, yana sauri, kuma ƙyallensa yana da laushi, don haka shi aka fi saƙa bargo da mayafi da shi. Idan aka duba saman kowane ido da aka kammala za a ga zare biyu sun kwanta kamar harafin V, kuma waɗannan ne ake bi da yatsa ana ƙirgawa.

> Akwatin kalmomi na 2
> *Sarƙa:* jerin madaukai da ake kafa aiki a kai.
> *Sarƙar juyi:* sarƙar da ake yi a ƙarshen layi don a hau zuwa layi na gaba; ɗaya ga gajeren ido, uku ga dogon ido.
> *Ƙari:* saƙa ido biyu a cikin ido ɗaya na ƙasa.
> *Ragi:* haɗe ido biyu su koma ɗaya.
> *Ƙyallen gwaji:* ɗan ƙyalle da ake saƙawa kafin babban aiki don a auna girman idanu.

Ƙirga da awo

Mutum biyu za su ɗauki zare iri ɗaya da kwarashi iri ɗaya, su bi bayani ɗaya, amma hular ɗaya ta fito ta fi ta ɗaya girma, saboda kowane hannu da irin yadda yake ɗame zare. Wannan ne ya sa shawarar da ke cewa “ki yi sarƙa ɗari” ba ta wadatar ba, ko da daga bakin gwana ta fito, sai an haɗa ta da ƙyallen gwaji. Ana saƙa ƙyallen ya ɗan zarce santimita 10 a kowane gefe, a shimfiɗa shi ba tare da an ja shi ba, a ɗora tef ɗin awo a tsakiyarsa, a ƙirga idanun da suka shiga cikin santimita 10. Idan idanun sun fi abin da bayanin saƙar ya ambata yawa, hannun ya ɗame ke nan, sai a ɗauki kwarashi mafi kauri. Idan ba su kai ba, a koma ga mafi siriri. Masu koyo kan ga wannan mataki ɓata lokaci ne, amma rabin sa'ar da aka ba shi ta fi kwanakin da za a yi ana warware bargon da ya fito ba daidai ba.

*Misali na 1: bargon jariri.* Wata mai koyo tana son saƙa bargo mai faɗin santimita 75 da tsawon santimita 90 don kai wa gidan suna. Ƙyallen gwajinta ya nuna dogayen idanu 14 a cikin santimita 10. Tunda santimita 75 ta ninka 10 sau 7 da rabi, sai ta ninka 14 sau 7 da rabi, ta sami idanu 105 a kowane layi. Za ta yi sarƙa 107, ta soka dogon ido na farko a sarƙa ta huɗu daga kwarashi, domin ukun da ta tsallake suna tsayawa a matsayin ido ɗaya, sauran sarƙoƙi 104 kuma kowace ta ɗauki ido ɗaya, jimla 105.

Da wannan ƙyallen za ta san yawan zaren da za ta saya. A ɗauka cewa murabba'in santimita 10 a kowane gefe ya yi nauyin giram 5 a kan ƙaramin sikeli. Bargon ya ƙunshi irin wannan murabba'i sau 67 da rabi, domin 7 da rabi sau 9 ke nan, saboda haka zai ci kimanin giram 338, wato dunƙule 4 masu giram 100, har a sami ragowa ta yin baki. Ya kamata ta sayi huɗun a lokaci ɗaya, ta kuma duba lambar rinin da ke jikin takardar kowane dunƙule idan akwai, saboda zare mai launi ɗaya da aka rina a lokuta dabam-dabam yakan ɗan saɓa, kuma saɓanin ba ya fitowa a shago sai an shanya bargon a rana.

*Misali na 2: hular jariri.* Ana fara hula daga tsakiyar kai a faɗaɗa ta a da'ira, kuma da'irar ba ta kwanciya daidai sai ƙarin ya bi ƙa'ida. Idan da dogon ido ake aiki, zagaye na farko idanu 12 ne, kuma kowane zagaye yana ƙaruwa da 12: a na biyu ana yin ƙari a kowane ido a sami 24, a na uku ana yin ƙari a kowane ido na biyu a sami 36, a na huɗu a kowane ido na uku a sami 48. Kewayen kan sabon jariri kusan santimita 35 ne, kuma ana so hula ta ɗan gaza haka saboda saƙa tana miƙewa. Da awon idanu 14 a santimita 10, idanu 48 za su ba da kimanin santimita 34, don haka a nan za a daina ƙari, a ci gaba da zagaye mai idanu 48 har hular ta sauko ta rufe kunne. Idan da gajeren ido ne, ana farawa da 6 a riƙa ƙara 6.

Da'irar da ƙarinta ya yi kaɗan takan lanƙwashe ta zama kamar ƙoƙo tun kafin lokaci, wadda ƙarinta ya yi yawa kuma bakinta yakan yi tattara. Wannan tattarar da masu koyo ke gudu ta taɓa zama abin amfani ga masana lissafi, domin a shekarar 1997 wata malamar lissafi a Jami'ar Cornell ta Amurka, Daina Taimina, ta yi amfani da ƙari mai yawa da gangan ta saƙa wata siffa mai lanƙwasa da ake shan wuyar nuna wa ɗalibai da takarda.

Harshen da masu saƙa ke tarayya a kai

Duk wadda ta fara ɗaukar bayanin saƙa daga littafi ko daga hoton bidiyo za ta tarar da wani ruɗani da ya daɗe yana ɓata aiki. Amurkawa suna kiran gajeren ido “singil” su kira dogon ido “dobul”, alhali mutanen Ingila gajeren idon ne suke kira “dobul”, dogon kuma “tirebul”. Wadda ta bi bayanin Ingila da fahimtar Amurka za ta saƙa abin da ya ninka wanda ake nufi tsayi. Hanyar ganewa ita ce, duk bayanin da ya ambaci “singil” na Amurka ne, tunda tsarin Ingila na yanzu ba ya amfani da wannan suna.

Zanen alamomi ya fi wannan aminci, kuma ya dace ƙwarai da mai karatun da ba ta jin Turanci. A cikinsa ɗan ƙaramin zobe mai siffar ƙwai yana nufin sarƙa, alamar × ko + tana nufin gajeren ido, harafin T mai karan tsaye da gajeren layi ya gitta yana nufin dogon ido. Littattafan saƙa na ƙasar Japan sun dogara sosai ga wannan tsari, kuma masu saƙa a ƙasashe da yawa suna bin su ba tare da sun iya karanta kalma ɗaya ta Japananci ba.

Neman taimako da ba da shi

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma tambayar da ke cewa “aikina ya lalace” ba ta ba mai amsa abin kamawa. Tambaya mai amfani tana zuwa da aikin kansa a hannu, da irin zare da lambar kwarashi, da adadin idanun da aka fara da su da adadin da ake da su yanzu, da kuma layin da abin ya fara sauyawa.

*Misali na 3: ƙyallen da ke tsukewa.* Wata mai koyo ta kawo aikinta wurin zama ta ce: “Malama, na fara da dogayen idanu 20 da kwarashi mai lamba 5, yanzu ina layi na biyar, na ƙirga na sami 16.” Daga wannan bayani kaɗai malamar za ta gane cewa ido ɗaya ke ɓacewa a kowane layi, tunda 4 sun ɓace a layuka 4 da suka biyo na farko, kuma sanadin da aka fi samu shi ne mantawa da soka idon ƙarshe a saman sarƙar juyi ta layin ƙasa. Maganinsa shi ne a warware zuwa layi na farko, a ɗaura ɗan guntun zare mai wani launi a saman kowace sarƙar juyi don ta riƙa fitowa fili, a kuma ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi. Idan akasin haka ne, wato ƙyallen yana faɗaɗa, yawanci ana soka ido ne a gindin sarƙar juyi alhali an riga an ƙirga ta a matsayin ido. Idan kuma gindin aikin ne ya tsuke sama ta buɗe alhali adadin idanu bai sauya ba, sarƙar farko ce ta ɗame, sai a sake ta da kwarashin da ya fi na aikin kauri kaɗan.

Mai koyarwa ma tana da nata ladubban, kuma babba a cikinsu shi ne kada ta karɓe aikin daga hannun mai koyo ta gyara da kanta, domin idan ta yi haka ƙyallen ne ya gyaru, hannun kuwa yana nan yadda yake. Abin da ya fi shi ne ta ɗauki nata zaren da kwarashinta ta zauna kusa, ta yi motsin a hankali, mai koyo ta kwaikwaya. Idan mai koyon bahaguwa ce, sai su zauna suna fuskantar juna, yadda hannun daman malamar zai kasance daidai da hannun hagun ɗalibar, ba tare da an tilasta mata sauya hannu ba. Ya kamata kuma a duba kayan jarirai da tsanaki kafin su bar wurin zama, a tabbatar an cusa kowane bakin zare cikin saƙa da allura, ba a kuma liƙa maɓalli ko dutsen ado da jariri zai iya cirewa ya kai baki ba.

Ƙungiyar da ke son iliminta ya ɗore tana bukatar littafi guda da za a riƙa rubuta kowane aikin da ya yi kyau, da irin zarensa, da lambar kwarashi, da awon ƙyallen gwaji, da adadin idanun kowane layi, da sunan wadda ta ƙirƙiro fasalin ko ta kawo shi. Rubuta sunan haƙƙi ne na mai shi, kuma yana sa waɗanda suka ƙware su saki jiki su nuna abin da suka sani, tunda sun tabbata ba za a ɗauki wahalarsu a jingina wa wata ba.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin saƙar kwarashi da saƙar kibiya.
2. Me ya sa ba a so mai farawa ta yi amfani da baƙin zare, kuma me ya sa ba a saƙa abin sauke tukunya da zaren akirilik?
3. Bayyana matakan yin dogon ido ɗaya bayan ɗaya.
4. Yaya masu saƙa a ƙasar Ayalan suka raba aiki a tsakaninsu a lokacin yunwar da ta fara a 1845?
5. Ƙyallen gwaji ya nuna dogayen idanu 12 a santimita 10. Idanu nawa ake bukata don mayafi mai faɗin santimita 40, kuma sarƙa nawa za a fara da ita?
6. Murabba'in santimita 10 a kowane gefe ya yi nauyin giram 6. Dunƙule nawa masu giram 50 za a saya don bargo mai faɗin santimita 60 da tsawon santimita 80?
7. Rubuta adadin idanun zagaye biyar na farko na da'irar da aka saƙa da gajeren ido.
8. Wata mai koyo ta fara da idanu 25, a layi na huɗu ta sami 28. Mene ne sanadin da ya fi yiwuwa, kuma wace shawara za a ba ta?
9. Aikin aji: kowace ɗaliba ta saƙa ƙyallen gwaji da zare da kwarashi iri ɗaya, a auna su duka, a rubuta sakamakon a allo, sannan a tattauna dalilin bambancin da aka samu.